RIJIYA TA BAYAR, GUGA YA HANA

Wa'azin Lahadi ta Uku ta Azumi



Mun shiga mako na uku na Azumi, bazara kuwa ta kankama. Rijiyoyi sun ja baya, igiyar gugan da ta isa a watan Nuwamba yanzu sai an ƙulla mata ƙari. 'Yan ga-ruwa sun ƙara kuɗin jarka, mata da yara suna sammako tun kafin carar zakara domin su kama layi a bakin famfo. A daidai wannan lokaci ne Uwarmu Ekklesiya take sa a karanta mana labarin ƙishirwa har sau biyu a Misa guda. A karatu na fari, daga Littafin Fitowa sura 17, jama'ar Isra'ila sun yada zango a Refidim, ba ruwa, suka tasam ma Musa da gunaguni har saura kaɗan su jajjefe shi. A Bishara kuwa, daga Yohanna sura 4, Ubangijinmu ne da kansa ya gaji da tafiya, ya zauna a bakin rijiyar Yakubu da tsakar rana, ya roƙi wata mace Basamariya ruwan sha.

Mun saba, in an karanta wannan Bishara, mu yi hanzari mu tsallaka zuwa ga ruwan rai, watau alherin Ruhu Mai Tsarki da muke karɓa a baftisma. Wannan daidai ne, can ne kuma zancen Yesu da matar ya nufa. Amma mu ɗan dakata a bakin rijiyar tukuna. Ƙishirwar da Yesu ya ji ta gaske ce, irin wadda take busar da maƙogwaro. Rijiyar tana da zurfi, shi kuwa ba shi da abin ɗiba, matar ma sai da ta tuna masa da haka. Wanda ta wurinsa aka halicci teku da koguna yana zaune, ruwa na ƙarƙashin ƙafafunsa, yana jiran gugan wani. Haka Allah ya shirya duniya. Shi ne mai ba da ruwa, amma tsakanin kyautarsa da bakin mai ƙishi kusan kullum akwai hannun ɗan Adam. Ko a Refidim ma, da Allah ya nufa ruwa ya ɓuɓɓugo daga dutse, sai da ya sa Musa ya ɗauki sanda ya bugi dutsen, a kan idon dattawan Isra'ila.

Hausawa suna cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. A kan gugan nan nake so mu yi nazari yau, gama mu ne shi.

Koyarwar Ekklesiya a kan wannan ba ta da ɓoye-ɓoye. Katikismar Ekklesiyar Katolika, wadda aka fitar a 1992, ta sa zancen albarkatun ƙasa a ƙarƙashin doka ta bakwai, wadda ta hana sata. Dalili kuwa shi ne, tun farko Allah ya ba da duniya da abin da ke cikinta ga dukan 'yan Adam gaba ɗaya, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Mutum yana iya mallakar gona, yana iya haƙa rijiya a gidansa ta zama tasa, amma mallakar nan ba ta soke wancan nufi na fari ba. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, da ya ziyarci Wagadugu a 1980, ya yi kira ga duniya saboda mutanen Sahel da fari ya addaba, a 1984 kuma ya kafa gidauniya domin taimakonsu wajen yaƙi da fari da gurgusowar hamada. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun tsabtataccen ruwan sha haƙƙi ne na kowane mutum. A 2015 marigayi Paparoma Francis, cikin wasiƙarsa Laudato Si', ya ƙarfafa wannan, ya nuna cewa duniya tana ɗauke da bashi mai nauyi na matalautan da aka bari ba ruwa. Bashi kuwa, kowa ya sani, biyansa ake yi.

Domin mu ga yadda wannan bashi yake hawa kan mutum ba tare da ya sani ba, bari mu bi kogi guda daga kansa har ƙarshensa. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kudu da birnin Kano su zama Kogin Haɗejiya. Daga nan ya bi ta Wudil da Ringim da Haɗejiya, ya bazu cikin faɗamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru. Abin da ya rage ya haɗu da Kogin Jama'are a wajajen Gashuwa, ya zama Kogin Yobe, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ta gefen Difa har ya faɗa Tafkin Cadi. A dā, kowace damina kogin nan yakan cika ya malala cikin faɗamu, da rani kuma ya janye. Rayuwar dubban mutane a kan wannan cika da janyewa ta dogara. In ruwa ya hau, a shuka shinkafa, masunta su kama kifi. In ya sauka, a bi laimar da ya bari da alkama da wake da kayan lambu, makiyaya kuma su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa. Ruwan da ya kwanta watanni a faɗama yakan nutse cikin ƙasa, shi ne yake ciyar da rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogin.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Baƙo, a 1992 kuma ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Kada kowa ya ce na kushe wa waɗannan ayyuka. Shinkafa da alkama da tumatirin Kadawa da Kura da Garun Malam daga ruwan Tiga suke, birnin Kano ma da ruwan waɗannan koguna yake sha, da yawa daga cikinmu kuma da noman rani suka biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta. Mun gode wa Allah saboda wannan. Amma me ya sami mutanen da ke ƙasa da mu? Ambaliyar shekara-shekara da suke jira ta ragu, faɗamu da yawa suka daina cika. A maimakonta sai ga ɗan ruwa yana gudu rani da damina, ba ya barin kwarin kogi ya bushe kamar dā. Wannan ne ya ba ciyawar nan da ake kira kacala wurin zama. Ta haɗu da yashi da laka ta toshe hanyoyin ruwa, har ruwa ya kauce wa tsohuwar hanyarsa. Wasu ƙauyuka a wajen Nguru ruwa ya cinye musu gonaki, wasu a wajen Gashuwa suna zuba ido bai iso ba. Cikin kacalar kuma jan-baki suke kwana, da safe su faɗa wa gero da shinkafa. Masanan da suka yi bincike a wurin a shekarun 1990 sun nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwan da aka bari ya malala cikin faɗamun, in an haɗa noma da su da itacen wuta, ya fi wanda ake samu daga ruwa daidai wannan a manyan gonakin ban-ruwa na sama.

Manomin da ke Kura, wanda ya buɗe ƙofar ruwa ya tafi kasuwa ya bar ruwa yana kwarara banza har ya koma kududdufi, bai taɓa ganin masuncin Nguru ba, ba ya kuma ƙinsa. Duk da haka hannunsa ya taɓa tukunyar wancan. Wannan shi ne abin da ya sa zunubin ruwa yake da wuyar ganewa: wanda ka cuta ba ya gabanka, yana can gangare, wataƙila ma a wata ƙasa.

Tafkin Cadi, inda kogin ya ƙare, yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Gaskiya ce babban dalilin shi ne ƙarancin ruwan sama, yawancin ruwan tafkin ma daga Kogin Shari yake zuwa ta kudu, kuma ya ɗan farfaɗo daga baya. Amma wanda ya ga yadda masunta da manoma da makiyaya suka yi ta bin bakin ruwa yana gudu, suna gogayya da juna a kan abin da ya saura, ya san cewa inda ruwa ya ƙaranta zaman lafiya ma yakan ƙaranta.

Annabi Ezekiyel, a sura 34, ya kawo wani misali da kowane makiyayi zai gane. Ubangiji yana tuhumar ƙosassun tumaki cikin garke. Su ne suke fara isa mashaya, su sha garau, sa'an nan su shiga da ƙafafu su dama sauran, raunana su zo su tarar da laka. Laifinsu ba shan ruwa ba ne, gama domin sha aka yi shi. Laifin shi ne abin da suka bar wa na baya. Duk wanda ya bi ta unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai ya ga launin ruwan da ke fitowa daga wuraren jimar fata, ya kuma ji warinsa. Ruwan nan yana ɗauke da sinadarai masu guba, yana shiga Kogin Challawa da rafin Jakara, masu lambu kuma suna ban-ruwa da shi, latas da kabejin su dawo kasuwa mu saya. Mai masana'antar da ya ƙi tace ruwansa domin ya rage kashe kuɗi, ribar da ya ƙirga da lafiyar 'ya'yan wasu ya same ta. In Kirista ne, ko yana aiki a ofishin da aka ɗora wa duba irin wannan ya karɓi na goro ya kau da kai, to, ya sani abu ne da ya kamata ya furta a gaban Fada, ya kuma gyara.

Haka nan sakaci da amana. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle. A watan Satumba na 2024 ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye yawancin Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Madatsa aba ce mai bukatar dubawa da gyara kowace shekara, wanda aka ba wannan aiki kuwa rayukan mutane ne a hannunsa.

Sai dai fa, 'yan'uwa, yana da daɗi a zauna a coci a yi ta jin laifin gwamnati da na attajirai. Mu sauko gida. Wane ne yake haƙa masai kusa da rijiya, alhali ma'aikatan lafiya suna cewa a bar tazarar kamar mita 30, masan kuma ya kasance ta gangare? Wane ne yake zagawa bayan gari ko bakin rafi, ruwan farko ya kwashe ya kai cikin tafkin da ake sha? A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, jihohinmu na Arewa kuwa su suka fi jin jiki. Wannan cuta ta hanyar ruwa da abincin da ƙazanta ta taɓa take yaɗuwa. Wane ne yake gama feshin gona ya wanke tankin maganin a rafi, ko ya zuba maganin ƙwari a gulbi domin kifi ya taso ya kwasa a sauƙaƙe? Wane ne ya sare itatuwan bakin rafi, ya nome har gaɓa, yashi ya gangaro ya cike kwarin? Ledojin ruwan da suka toshe lambatu, daga sama suka faɗo?

Sa'an nan ga zancen rijiyar burtsatse, wanda ya fi ci mini rai. Ku zaga ƙauyukanmu ku ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu. Ranar da aka buɗe su an yi kiɗa, an yi jawabi, an yi addu'a. Bayan shekara biyu ko uku wata 'yar roba ta cinye, ko sarƙa ta tsinke, abin da kuɗinsa bai kai na akuya ba, shi ke nan famfo ya zama wurin ɗaure jaki, mata suka koma tafki. In ka tambaya, sai a ce ai na gwamnati ne, ko na Fada ne, ana jira su zo su gyara. A wani wurin an kafa kwamiti, ana karɓar kuɗin gyara a kan kowace jarka, amma ranar da famfo ya lalace aka buɗe asusu ba ko sisi. Ruwa yana nan a ƙasa, Allah bai janye kyautarsa ba. Gugan ne ya hana. Wanda ya ci kuɗin gyaran famfo ya aika da matan gari tafiyar awa biyu da tulu a ka, ya fitar da 'yan mata daga aji domin ɗibar ruwa, in kuma yaro ya sha na tafki ya mutu, to, yana da hannu a ciki ko da bai taɓa yaron ba.

A birane kuma kowa mai hali yana haƙa tasa burtsatsen, kowa yana neman ya fi maƙwabcinsa zurfi, rijiyoyin talakawan unguwa suna ƙafewa. Ba na cewa kada a haƙa. Amma mai tanki a saman gida, wanda yake barin inji yana aiki har ruwa ya yi ta zuba a ƙasa, ya fitar da kan famfo guda ta bayan katanga mana, ya sa lokacin da maƙwabta za su ɗiba. Akwai masu yin haka, Kirista da Musulmi, Allah ya sāka musu. Majami'un da ke da rijiya su ma kada su tambayi mai ƙishi addininsa. Yahudawa da Samariyawa ba sa shan ruwa da moɗa ɗaya, duk da haka Ubangijinmu ya miƙa hannu ga tulun Basamariya, daga nan ne kuma bishara ta shiga garinsu.

Littafin Farawa sura 26 ya ba da labarin Ishaku a kwarin Gerar. Filistiyawa, saboda ƙyashi, sun cike rijiyoyin da aka haƙa a zamanin Ibrahim da ƙasa, suka gwammace kowa ya rasa. Ishaku ya sake tone su. Bayinsa suka haƙa sabuwa, makiyayan Gerar suka ce tasu ce, ya sa mata suna Esek, watau gardama. Suka haƙa ta biyu, aka sake rigima, ya kira ta Sitna, watau gāba. Ya matsa gaba ya haƙa ta uku, ba wanda ya yi jayayya, ya kira ta Rehobot, watau sarari. Na san cikin masu karanta wannan akwai waɗanda aka cinye musu gona, akwai ma waɗanda aka zubar da jinin nasu, ba kuwa zan ce musu wannan ƙaramin abu ne ba. Mai kisa da mai ɓarna hukuma ce za ta hukunta, wajibi ne kuma ta yi. Amma manomin da ya nome burtali, ko ya kewaye mashayar da shanu suke sha tun zamanin kakanni ya mai da ita lambu, shi ma ya haƙa Esek. Saniyar da ta ji ƙishi ba ta san iyakar gona ba. Dattawanmu da masu unguwanni da arɗoɗi su zauna tun kafin damina su shata inda dabba za ta bi ta sha, inda mutane za su ɗiba, da inda za a yi wanki.

Kada wani ya ce halin mutane ba ya gyaruwa, gama mun gani da idonmu. Manya cikinmu sun tuna kurkunu, yadda yake kwantar da magidanci a tsakiyar damina gona ta lalace. A ƙidayar da aka yi a 1988 zuwa 1989 an sami mutum fiye da 650,000 da ke ɗauke da shi a Nijeriya. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da taimakon Cibiyar Carter da tsohon shugaban ƙasa Yakubu Gowon da dubban masu sa kai na ƙauyuka, aka koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle, aka haƙa rijiyoyi, aka kuma roƙi mai kurkunu kada ya shiga tafki. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya. Ƙafar mai kurkunu zafi take yi kamar wuta, ba abin da yake so kamar ya tsoma ta cikin ruwa, amma da ya tsoma sai tsutsar ta zuba 'ya'yanta, duk wanda ya sha ya kamu baɗi. Sai da dubban marasa lafiya suka haƙura da sanyin da jikinsu yake nema, saboda maƙwabtansu. A 2008 aka ga na ƙarshe a ƙasar nan, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. In ana neman ma'anar azumi, ga ta nan: mutum ya hana kansa abin da yake iya yi, domin wani ya rayu.

A wannan Lahadi ne muke fara addu'o'i na musamman domin 'yan'uwanmu masu shirin baftisma. A daren Ista za a tsarkake ruwa, a zuba musu a ka cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ba daga wata ƙasa ake kawo ruwan nan ba, daga rijiyarmu ko famfonmu ake ɗibansa. A kowace Misa ma Fada yakan ɗiga ruwa kaɗan cikin ruwan inabi a kan bagade. Abin da Allah ya zaɓa ya zama ƙofar shiga Ekklesiyarsa bai kamata ya zama juji a hannunmu ba. Ubangiji kuma ya riga ya gaya mana, a Matiyu sura 25, cewa shayar da mai ƙishi yana cikin abubuwan da za a tambaye mu a ranar shari'a, zai kuwa lasafta shi kamar shi aka shayar ko aka hana.

Saboda haka ina roƙon kowane katikis, tare da dattawan majami'a da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa, su keɓe rana ɗaya cikin makon nan su taka da ƙafa zuwa duk inda mutanen garinsu suke ɗibar ruwa. A duba ko rijiya tana da murfi da dakali, ko guga yana da wurin ratayewa maimakon a yar da shi a ƙasa, nisan masai nawa ne, famfo nawa ne suka mutu, me ya lalace a cikinsu, nawa ne kuma kuɗin gyara. A nemi mai unguwa da limamin gari a tafi tare, tun da rijiyar ta kowa ce. Inda akwai kwamitin ruwa, a sa mata a ciki, a ba su riƙon asusu, gama su ne suka san nauyin tulu, a riƙa kuma karanta lissafin kuɗin a bainar jama'a kowane wata. Abin da iyalai suka tara na sadakar Azumi a bana, majami'ar da ta ga dama tana iya sa wani kashi a gyaran famfo. Katikis ya rubuta abin da aka gani, ya kawo wa Fadan da ke kula da yankinsa kafin Lahadin Ganyen Dabino, domin a san inda za a fara aikin tun ruwa bai sauka ba.